Son Da Ke Tsirowa A Gidan Makoki

Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Ya halicci zukata, kuma Ya san abin da suke ɓoyewa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, bayanin wannan mako ya shafi wani al'amari ne wanda ba a cika ɗaga murya a kansa ba, ko a wurin wa'azi ko a zauren karatu, alhali kuwa yana aukuwa a cikin gidaje. Watau halin mutumin da aka yi wa rasuwa, baƙin ciki ya danne shi ya ƙi sakinsa, sa'an nan a cikin wannan hali zuciyarsa ta rataya ga wanda shari'a ta hana shi aure. Irin wannan mutum kaya uku yake ɗauke da su a lokaci guda: kewar mamaci, da ciwon da kewar ta haifar, da kunyar abin da ya tarar a cikin ransa. Na farko jama'a sukan taya shi ɗauka, na biyu wataƙila wani mai lura ya gane, amma na ukun ba shi da wanda zai iya buɗe baki ya faɗa wa.

A ƙasar Hausa ba a barin mai makoki shi kaɗai a kwanakin farko. Maza suna kan tabarmi a ƙofar gida, mata sun cika tsakar gida, kwanukan abinci suna ta shigowa daga maƙwabta. A yi sadakar uku, a yi ta bakwai, sa'an nan a naɗe tabarmi, baƙi su koma garuruwansu, kowa ya kama sha'anin gabansa. To, baƙin ciki kuwa ba ya lissafi da kwana bakwai. A kwanakin farko mutum kamar a buge yake, yana amsa gaisuwa ba tare da maganar ta shiga jikinsa ba. Sai gida ya yi tsit, ya ga takalmin mamaci a bakin ƙofa, ya ji an kira salla ba wanda ya ɗauki buta, sa'an nan mutuwar za ta sauko masa sosai. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka. Abin takaici shi ne, a daidai lokacin da sabon ya fara cizo, a daidai lokacin ne jama'a suka watse.

A ɗauki misalin gidan wani dattijo da ya rasu ya bar mata biyu. Uwargida tana da 'ya'ya manya da jikoki, ɗakinta ba ya rabuwa da mutane. Amarya kuwa yarinya ce mai shekara ashirin da 'yan kai, daga wani gari aka kawo ta, ba ta haihu ba, ga ta cikin takaba. Babban ɗan mamacin, wanda tsararta ne ko ya ɗan girme ta, shi ne nauyin gida ya faɗo wa. Shi ke kawo cefane, shi ke sayo magani, shi kaɗai ke tsayawa a bakin ƙofarta ya tambayi yadda ta kwana. Shi ma maraya ne sabo, bai sami wanda zai yi zancen mahaifinsa da shi ba sai ita. Yau gaisuwa daga bakin ƙofa, gobe zama a kan kujera, jibi hira har bayan isha'i, ko kuwa saƙo ta waya a tsakar dare sa'ad da barci ya ƙi zuwa. Babu ɗayansu da ya ƙulla niyyar ɓarna. Amma wata rana kowannensu zai farga ya ga cewa yinin da bai ji muryar ɗayan ba, yinin nan bai yi masa daɗi ba. Daga nan sai tsoro ya shiga. Ita ta daina cin abinci, ta ce lalle ita la'ananniya ce, shi kuwa ya rame, ya guji masallacin unguwa, yana ganin kamar an rubuta masa abin a goshi.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, Musulunci bai ɗauki baƙin ciki a matsayin raunin imani ba. Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi kewar ɗansa Yusufu har idanunsa suka yi fari, kamar yadda ya zo a Suratu Yusufa daga aya ta 84 zuwa ta 86. 'Ya'yansa suka zarge shi da cewa zai kashe kansa da tunani, ya mayar musu da cewa ga Allah kaɗai yake kai kukansa. Allah bai zarge shi ba, masu zargin su ne waɗanda suka jefa yaron a rijiya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasa Nana Hadiza da baffansa Abu Ɗalibi a shekara ta goma da aike, wajen shekarar 619, har malaman tarihi suka sa wa shekarar suna shekarar baƙin ciki. Sa'ad da ɗansa Ibrahimu ya rasu a Madina a shekara ta 10 bayan hijira, hawaye suka zubo masa, Abdurrahmani ɗan Aufu ya yi mamaki, sai ya sanar da shi cewa wannan rahama ce. Abin da aka hana shi ne marin fuska, da yage tufa, da furta maganar da ke nuna fushi da hukuncin Ubangiji. Ko a nan ƙasar, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi marsiyya ga ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, ta kuma yi ga mijinta Waziri Giɗaɗo, kuma ba wanda ya ce iliminta ya ragu domin ta bayyana kewarta. Saboda haka masu ce wa mai kuka ya yi shiru kada ya ƙona mamaci, ko masu ce masa ai da yana da tawakkali da tuni ya manta, su san cewa suna ɗora masa abin da ba a ɗora wa annabawa ba.

Sai dai akwai baƙin cikin da ke tafiya yana raguwa, akwai kuma wanda ke zama ya yi gida, ya rikiɗe ya zama ciwo. Malaman Musulunci sun daɗe da gane wannan bambanci. Abu Zaidi Albalhi, wanda aka haifa kusa da birnin Balhu a ƙasar Afganistan ta yau wajen shekarar 850, ya rasu a 934, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfusi, a kan gyaran jiki da gyaran rai. A ciki ya raba baƙin ciki gida biyu. Akwai wanda aka san sanadinsa, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, maganinsa kuwa nasiha daga mai hikima da kuma mutum ya koyi yi wa kansa magana ta hankali. Akwai kuma wanda ke sauka a kan mutum ba tare da sanadi bayyananne ba, ya kashe masa jiki, ya ɗauke masa sha'awar komai. Wannan, a ganinsa, tushensa a jiki yake, don haka sai an haɗa da maganin jiki. Marigayi Farfesa Maliku Badari, mutumin Sudan, ya fassara sashen littafin da ya shafi rai zuwa Turanci a 2013, kuma likitocin zamani da suka karanta sun ga cewa abin da suke koyarwa yau bai yi nisa da abin da wannan malami ya rubuta fiye da shekara dubu da suka wuce ba.

Likitocin yau suna kiran wannan hali ciwon damuwa. Alamunsa su ne mutum ya shafe aƙalla mako 2 cikin ƙunci kusan kullum, abin da a da yake jin daɗinsa ya fita masa a rai, barci ya ƙaurace masa ko ya yi masa yawa, abinci ya ƙi shiga, ya kasa tattara hankalinsa ko a cikin salla, ya riƙa ganin kansa ba shi da wani amfani, har ya kai ga tunanin gara mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a cikin kundinta na cututtuka wanda ya fara aiki a watan Janairu na 2022, ta shigar da makokin da ya zarce ƙa'ida a matsayin ciwo mai zaman kansa, watau wanda ya haura aƙalla wata 6, ya wuce abin da al'ada da addinin mutum suka saba, kuma ya hana shi gudanar da rayuwarsa. Mai karatu zai lura cewa shari'a ta iyakance zaman nuna alhini ga kwana 3, ban da matar mamaci wadda aka ɗora wa wata 4 da kwana 10. Ashe ke nan wanda aka ga watanni sun shuɗe bayan wannan, yana nan a kwance bai motsa ba, ba faɗa yake bukata ba. Mara lafiya ne, magani yake bukata.

To, a irin wannan ƙasa ce son da ake magana a kai yake tsirowa. Hausawa sun ce wanda ya faɗa rijiya, ko kaifin takobi aka miƙa masa zai kama. Mai ciwon damuwa duniya duk ta yi masa duhu, sai mutum ɗaya tak wanda idan ya shigo ƙuncin yakan ɗan sassauta. Zuciya kuwa ba ta tsaya tambayar nasaba, inda ta ji sauƙi can take karkata. Sau da yawa abin da mai makoki yake kira so, kewar mamacin ce ta canja riga. Amaryar nan tana jin muryar mijinta a cikin muryar ɗansa, shi kuma yana ganin ragowar mahaifinsa a ɗakin da mahaifin yake zama. Wannan bai sa abin ya zama ƙarya ba, domin raɗaɗinsa na gaske ne, amma ya nuna cewa idan aka yi maganin ciwon, kuma aka yawaita masu shigowa ɗakin, sau da yawa son yakan huce da kansa, kamar zazzaɓin da aka kashe tushensa.

Shin mutum yana da zunubi a kan abin da ya faɗo masa a zuciya ba da zaɓinsa ba? Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, hadisin da ke nuna cewa Allah Ya yafe wa wannan al'umma abin da rayukansu suka raya musu, matuƙar ba su aikata ba kuma ba su furta ba. Aya ta 235 a Suratul Baƙara, wadda ta yi magana a kan matan da ke cikin takaba, ta ɗauke laifi daga namijin da ya ɓoye sha'awar aurensu a ransa, ta kuma bayyana cewa Allah Ya riga Ya san zai riƙa tuna su. Abin da ayar ta hana shi ne ƙulla alkawari a asirce, da ɗaura aure kafin wa'adi ya cika. Ibnu Hazmi, malamin Andalus wanda aka haifa a Ƙurɗuba a 994 ya rasu a 1064, ya rubuta littafi sukutum a kan so, mai suna Ɗauƙul Hamama, inda ya tafi a kan cewa addini bai haramta son kansa ba, domin zukata a hannun Allah suke. Shi kansa ya ba da labarin wata baiwa da ya so, ta rasu tun bai cika shekara ashirin ba, ya yi wata 7 bai tuɓe tufafin jikinsa ba saboda baƙin ciki. Amma wannan malamin da ya san zafin abin, shi ne ya rufe littafin nasa da babi a kan munin saɓo da babi a kan falalar kame kai.

Labarin Mugisu da Barira ya isa abin lura a nan. Barira baiwa ce, Nana A'isha ta saye ta ta 'yanta ta, shari'a ta ba ta zaɓi ko ta zauna da mijinta Mugisu, wanda bawa ne, ko ta rabu da shi. Ta zaɓi rabuwa. Abdullahi ɗan Abbas ya ba da labari, kamar yadda ya zo a Buhari, cewa an ga Mugisu yana bin ta a lungunan Madina yana kuka, hawaye suna jiƙa masa gemu. Manzon Allah bai tsawata masa ba, bai kuma ce masa ya ji kunya ba. Ya nuna wa baffansa Abbas mamakin irin son da Mugisu yake yi mata da irin ƙin da take yi masa, sa'an nan ya je da kansa ya roƙe ta ta koma. Ta tambaya ko umurni ne, ya ce ceto ne kawai yake yi, ta ce ba ta da bukatarsa. Aka bar ta a kan zaɓinta. Mai lura zai ga cewa an tausaya wa mai so, an nema masa hanya domin akwai ƙofar halal a buɗe, amma tausayin bai sa an karya hukunci ko an tilasta wa kowa ba.

Wannan shi ne ya kawo maganar ƙofofi, domin ba duk haramci ne iri ɗaya ba, kuma shawarar da za a ba mutum ta danganta ne da irin ƙofar da yake tsaye a bakinta. Akwai wadda aka rufe na ɗan lokaci. Mai takaba, idan ba ta cikin muharramai, kamar matar wa ga ƙanensa, halal ce bayan ta gama. Wanda ya sami kansa a nan sai ya kame bakinsa, ya ja jikinsa, ya jira kwanaki su cika, sa'an nan ya aika manya. Gaggawa a wannan wuri tana da tsada ƙwarai a mazhabar Maliku, domin wanda ya ɗaura aure da mace a cikin idda kuma ya tare da ita, za a raba su, kuma ta haramta a gare shi har abada. Asalin wannan hukuncin Sayyidina Umaru ne, wanda Imamu Maliku ya kawo a Muwaɗɗa game da Ɗulaiha Al'asadiyya, wadda Rushaidu Assaƙafi ya saka, ta yi aure kafin iddarta ta cika. Watau wanda ya kasa haƙurin 'yan watanni, ya jawo wa kansa rashin har abada. Matar wani kuwa, ko da a ce haramcinta ba na dindindin ba ne, babu halin a zauna jiran mutuwar aurenta, balle a sa hannu. Hadisi ya yi tir da mai lalata mace ga mijinta, kuma malaman Malikiyya sun tsananta har suka ce a warware auren wanda ya zuga mace ta rabu da mijinta domin ya aure ta.

Akwai kuma ƙofar da aka rufe har abada, waɗanda ayoyi na 22 da 23 na Suratun Nisa'i suka lissafa, kuma kowane ɗalibin Risala ya karanta su: na nasaba, da na shayarwa, da na surukuta, kamar matar uba, da matar ɗa, da uwar mata, da agolar da aka riga aka tare da uwarta. Matar uba tana haramta ga ɗa da zarar an ɗaura aure, ko da uban bai tare da ita ba, kuma mutuwar uban ko saki ba ya ɗauke haramcin. Larabawan jahiliyya sukan gaji matan ubanninsu, kuma su kansu suna kiran wannan aure da sunan da ke nufin auren ƙyama. Malaman tafsiri sun kawo cewa sa'ad da Abu Ƙaisi ɗan Aslatu, ɗaya daga mutanen Madina, ya rasu, ɗansa ya nemi auren matarsa. Ita kuwa ta ce ɗa ta ɗauke shi, ta tafi ta kai maganar ga Manzon Allah, sai hukunci ya sauka. Saboda haka ga amaryar nan da ɗan mijinta babu wani wa'adi da za a jira, babu kuma malamin da zai iya nemo musu mafita. Duk wanda ya ce musu akwai, ko boka ne ko mai rawani, kuɗinsu yake so. Faɗar wannan a fili ita ce rahama, domin zuciyar da aka bar ta da ɗan zaren fata ba ta warkewa.

Irin wannan yankan ƙauna ya sami sahabi Uƙuba ɗan Harisu. Ya auri 'yar Abu Ihabi ɗan Azizu, sai wata mata ta zo ta ce ita ta shayar da su duka biyu. Ya ce bai san da wannan ba, ya hau abin hawa tun daga Makka har Madina domin ya tambaya. Manzon Allah ya nuna masa cewa zaman ba zai yi daɗi ba bayan an riga an faɗi wannan magana. Uƙuba ya rabu da ita, ta auri wani. Malaman Malikiyya sun ɗauki wannan a kan tsantseni, domin a wurinsu shaidar mace ɗaya ba ta isa alƙali ya raba aure. Amma abin lura shi ne tafiyar nan ta kwana da kwanaki a cikin sahara, mutum yana ɗauke da son matarsa, yana tafiya zuwa ga amsar da yake tsoro, bai kuma juya ba.

Abin da ake nema daga wanda aka jarraba shi ne aikin ƙafa da na harshe, tun da zuciya ba ta jin umurni. Annabi Yusufu, sa'ad da aka kulle ƙofofi, bai tsaya jayayya ba, gudu ya yi, har rigarsa ta yage daga baya. Ɗan mamacin nan ya ɗora cefanen amarya a hannun ƙanwarsa ko gwaggonsa, ya daina hirar dare, ya yanke saƙon waya, in da hali ma ya koma kwana a wani gida. Ko da yake shi muharraminta ne a shari'a, malamai sun ce idan aka ji tsoron fitina keɓewa ta haramta ko da tsakanin muharramai. Dangin miji waɗanda ba muharramai ba kuwa, hadisin Uƙuba ɗan Amiru ya kamanta shigarsu wurin mace da mutuwa, saboda su ne ba a zargi, su ne kuma ba a yi wa shamaki. Kada kuma ya ce zai je ya bayyana mata abin da ke ransa domin ya sami sauƙi. Furtawa ita ce matakin farko da yafewar nan ta ƙare a kansa, kuma ita ce ke mayar da ciwon mutum ɗaya ya zama na mutum biyu. In zai faɗa, ya faɗa wa malami mai riƙon amana ko likita. Shi kuma malamin da aka kawo wa irin wannan magana, ya sani amana ce aka ba shi. Idan ya zare ido ya hau salati, ko ya mayar da ita abin misali a wa'azinsa ta yadda unguwa za ta gane, to, ya rufe ƙofar tuba ga mutum goma da ke bayan wannan.

Akwai wata magana da masu bege suke yawan jingina wa Annabi, wai wanda ya yi so ya kame ya ɓoye har ya mutu, ya yi shahada. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya yi dogon bayani yana kore ingancinta, a cikin Zadul Ma'adi da kuma littafinsa Adda'u wad Dawa'u. Bai kamata a riƙa karanta wa mara lafiya irin wannan ba, domin tana ƙawata masa mutuwa, shi kuwa rayuwa ake so a ƙawata masa. Wanda aka ji yana cewa gara ya bi mamaci, ko yana rabon kayansa, ko yana neman gafarar mutane ba dalili, kada a bar shi shi kaɗai ko na dare ɗaya, a kawar da guba da makami daga inda yake, a kai shi asibiti ba tare da jira ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, kuma manyan asibitocin koyarwa suna da sashen wannan aiki. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma ba irin waɗannan marasa lafiya haƙƙin a kula da su cikin mutunci. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Maganin ciwon damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, kuma ba a yanke shi kwatsam sai da shawarar likita. Addu'a da karatun Alƙur'ani suna tafiya tare da shi, ɗaya ba ya korar ɗaya. Abin da ake gudu shi ne a ce sammu ne ko iska, a yi ta yawo gidan masu magani har wata shida, ko kuwa mara lafiyar ya nemi sauƙi a cikin kwalbar maganin tari mai sa maye, irin wanda gwamnatin Nijeriya ta hana yi da shigowa da shi a 2018 saboda ɓarnar da ya yi, har a cikin matan aure.

Amma kaso mafi girma na wannan magana yana kan dangi ne, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Buhari ya ruwaito cewa idan aka yi rasuwa a dangin Nana A'isha, mata suka taru suka watse, ya rage sai na jiki, a lokacin ne take sa a ɗora tukunyar talbina, wani irin kunu na garin sha'ir, ta ce su sha, domin ta ji daga Manzon Allah cewa yana sanyaya zuciyar mara lafiya, yana kuma rage baƙin ciki. A duba lokacin da ta zaɓa: bayan taro ya watse. Haka kuma bayan rasuwar Nana Hadiza, wata mata ce, Haulatu 'yar Hakimu, ta lura da kaɗaicin Manzon Allah da 'ya'yansa, ta zo ta kawo shawarar aure, ta kuma je neman da ƙafarta, aka auro Saudatu. Ba ta tsaya a kan Allah Ya ba da haƙuri ba.

Takaba kanta an ɗora mata kayan da ba nata ba. Abin da shari'a ta ce shi ne mace ta bar ado da turare da kwalli da lalle, ta kwana a gidan mijinta, kada ta yi aure har kwanaki su cika. An halatta mata ta yi wanka, ta yi magana da mutane, ta fita da rana domin bukatarta. Abin da ake yi a wasu wurare na hana ta wanka sai ranar Juma'a, ko sa ta riƙe wuƙa, ko hana ta ɗaga murya, ko kulle ta a ƙuryar ɗaki kamar mai laifi, al'ada ce, ba ta da asali a littafi, kuma ita ce ke haƙa ramin da yarinya ke faɗawa. Kamata ya yi danginta su turo mata ƙanwa ko inna ta zauna da ita har ta fita, kishiyoyi su jawo ta cikin hira, maƙwabta su riƙa leƙowa a mako na biyar da na goma kamar yadda suka leƙo a na farko. Idan ta gama, a ba ta rabonta na tumunin gado ba tare da ja-in-ja ba, a mayar da ita gidansu cikin mutunci, kada a riƙe ta a gidan da sunan jiran rabo shekara da shekaru.

Kada kuma a kushe ta idan ta yi aure da wuri. Ummu Salama, sa'ad da mijinta Abu Salama ya rasu a shekara ta 4 bayan hijira sakamakon raunin da ya samu a yaƙin Uhudu, ta kasa ganin wanda zai kai shi a cikin Musulmi, har ta yi jinkirin faɗar addu'ar da aka koya mata ta neman Allah Ya musanya mata da mafi alheri. Ta daure ta faɗa. Da iddarta ta cika Manzon Allah ya aiko neman aurenta, ta kawo uzuri uku, cewa tana da kishi, ga shekaru, ga 'ya'ya. Ya amsa mata su ɗaya bayan ɗaya, aka ɗaura aure a cikin wannan shekarar, ya riƙe marayunta a gidansa. Asma'u 'yar Umaisu kuwa, wadda mijinta Ja'afaru ya yi shahada a yaƙin Mu'uta a shekara ta 8, kuma a kan gidanta ne aka yi umurnin a dafa wa masu makoki abinci, ta auri Sayyidina Abubakar, bayan rasuwarsa kuma ta auri Sayyidina Aliyu, ta haihu da kowannensu.

Allah Ya jiƙan mamata, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya rufa asirin bayinSa duniya da lahira, amin.